Dashen ɓargo ga mai sikila: yadda ake sasanta ƙwayoyin asali da garkuwar jiki, daga gwajin farko zuwa komawa gida

Duk jinin da ke yawo a jikin mutum daga ɓargo yake fitowa. A cikin ɓargon akwai wasu ƙwayoyi 'yan ƙalilan, ƙwayoyin asali, su ne ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini, da masu daskarar da jini idan an ji rauni, da fararen ƙwayoyin da muke kira sojojin jiki. Saboda haka wanda aka canza wa ɓargo an canza masa garkuwa ke nan, ko da abin da aka je nema gyaran jajayen ƙwayoyi ne kawai, kamar yadda yake a sikila.

Daga nan haɗurra biyu suke tasowa. Ko dai sojojin mara lafiya su ga baƙin ƙwayoyi su kashe su, dashen ya ƙi kamawa, ko kuma sojojin mai bayarwa da suka shigo tare da ɓargon su ɗauki jikin mara lafiya a matsayin abokin gaba, su far wa fata da hanji da hanta. Na biyun shi likitoci ke taƙaita sunansa da GVHD, mu kira shi farmakin dashe. Kusan kowane gwaji da kowane magani da za a ambata a nan, ɗaya daga cikin waɗannan biyun yake tarewa, kuma sau da yawa abin da ya rage ɗaya shi ke ƙara ɗayan. Bayanin na iyalai ne da ma'aikatan jinya, don su san abin da ake yi da dalilinsa. Adadin magani kuwa likitan dashe ne kaɗai ke yanke shi.

Zaman ƙwayoyin asali a cikin ɓargo

Yawancin lokaci barci suke yi, ba sa rabuwa sai nadiran. Wani sinadari mai suna CXCL12 da ƙwayoyin bangon ɓargo ke fitarwa shi ke riƙe su a mazauninsu, su kuma suna kama shi da wata ƙugiya da ke jikinsu, CXCR4. Makrofaj, wato manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiye datti, suna taimakawa wajen tsare wannan riƙon. Akwai kuma ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyi, a cikinsu da wani rukuni na masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu hana 'yan'uwansu wuce gona da iri, kuma bincike a jikin ɓeraye ya nuna suna taruwa kusa da ƙwayoyin asali suna ba su kariya. Idan cuta ta shiga jiki, saƙon kumburi yana tada ƙwayoyin asali su haifi ƙarin sojoji da gaggawa. Wannan alheri ne na ɗan lokaci, amma in ya daɗe yana gajiyar da su. Shi ya sa ba a fara dashe da wata cuta a ɓoye a jiki, ko da ruɓaɓɓen haƙori ne.

Wa ya kamata a yi wa

A shekarar 1984 aka ba da labarin wata yarinya a Amurka mai sikila da sankarar jini a haɗe, aka yi mata dashe saboda sankarar, sai sikilar ma ta tafi. A Najeriya an fara yi a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Wani babban nazari na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2017, a kan mutum 1,000 da suka karɓi ɓargo daga shaƙiƙin da ya dace da su, ya nuna cewa a cikin 'yan ƙasa da shekara 16, kashi 95 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, kashi 93 kuma suna raye da dashen da ya kama. A karanta adadin ta ɗaya gefen ma: yaro 1 cikin 20 ya rasu. Wannan ba aikin da za a shiga don maƙwabci ya yi ba ne.

Waɗanda aka fi ba shawarar dashe su ne wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, wanda awon jijiyoyin kai ya nuna gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa, mai yawan ciwon ƙirji mai tsanani, mai tashin ciwo akai-akai duk da yana shan maganin sikila na haidroksiyuriya yadda ya kamata, da wanda ya dogara da ƙarin jini har jikinsa ya fara ƙin jinin. Ƙaramin yaro ya fi babba samun nasara, domin ciwon bai gama lalata masa huhu da ƙoda da hanta ba. Wanda kuma bai taɓa gwada haidroksiyuriya ba, a nan ya kamata ya fara. Binciken da aka yi a Kano ya nuna yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki ko da a ƙaramin adadi.

Neman wanda ya dace

Rukunin jini ba shi ake dubawa ba. Mai O zai iya karɓar ɓargon mai A, daga baya ma jininsa ya koma A. Abin da ake aunawa alamomin HLA ne, waɗanda ke kan fuskar kusan kowace ƙwayar jiki, da su ƙwayoyin T ke bambance na gida da baƙo. Ana duba wurare 5, wato A, B, C, DRB1 da DQB1, kowane yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Cikakkiyar dacewa ita ce 10 cikin 10. Jini kaɗan ko gogen cikin kumatu ya isa gwajin, amma a nemi mai zurfi wanda ke karanta lambobin dalla-dalla, kuma a maimaita shi da sabon samfuri kafin a tsayar da rana. Musayar kwalba tsakanin 'yan'uwa masu suna kusa da juna kuskure ne da ke faruwa.

Alamomin a dunƙule ake gadonsu. Duk shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa gaba ɗaya, 2 cikin 4 ta dacewa rabi, 1 cikin 4 ta rashin dacewa sam. Mai shaƙiƙai 3 marasa sikila yana da damar kusan kashi 58 cikin 100 ta samun ɗaya. 'Yan uba, komai yawansu a gida, rabi ne iyakar abin da aka saba samu a wurinsu. Inda aka yi auren zumunta kuwa, a gwada iyaye ma, don wani lokaci uwa ko uba kan dace ɗari bisa ɗari. Mai AS yana iya bayarwa, wanda ya karɓa sai ya koma kamar mai AS. Mai SS ba ya bayarwa.

Akwai gwajin da iyalai ba su cika sani ba, alhali yana iya rusa aikin duka. Wanda aka yi wa ƙarin jini da yawa, ko mace da ta taɓa ɗaukar ciki, jikinsa kan ƙera makaman garkuwa a kan HLA na wasu mutane. In makaman sun dace da alamomin mai bayarwa, za su kashe dashen tun bai zauna ba. A dashen rabin dacewa wannan gwajin wajibi ne, kuma in an samu makaman, sauya mai bayarwa ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin wanke su daga jini. Darasin da ke ciki tun da wuri: yaron da ake tunanin yi wa dashe, kada a ƙara masa jinin danginsa na kusa.

Sauran shiri kafin kwanciya

Ana yin hoton ƙwaƙwalwa, awon zuciya da huhu da ƙoda, da awon ƙarfen da ya taru a hanta saboda ƙarin jini. In ƙarfen ya yi yawa sai an rage shi da magani, domin hanta mai ƙarfe ta fi saurin toshewar ƙananan jijiyoyinta bayan magungunan share ɓargo. Ana gwada mai bayarwa da mai karɓa a kan ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da ƙwayoyin cutar CMV da EBV. Ga wanda ya taso a ƙasashenmu a ƙara da maleriya, tarin fuka, da wata tsutsar ciki mai suna sitironjiloidis wadda ke iya zama shekaru shiru, sai garkuwa ta faɗi ta bazu har huhu. Ibamektin kafin a fara yana maganinta.

Ana kuma musanya jinin mara lafiya har sinadarin S, wato haimoglobin na sikila, ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Sai maganar haihuwa, wadda kunya ke sa a tsallake ta. Busulfan, maganin share ɓargo, a cikakken adadi yana kashe ƙwan mace da maniyyin namiji a mafi yawan lokuta. Saurayin da ya balaga yana iya ajiye maniyyi a daskare, wasu cibiyoyi kuma suna ajiye ƙwai ko yankin mahaifar ƙwan yarinya. A tambaya kafin a sa hannu, don bayan an fara magani lokaci ya wuce.

Ɗibar ƙwayoyin

Hanya ta farko daga ƙashin ƙugu ne ta baya. Ana sa mai bayarwa barci, a kwantar da shi rub da ciki, a soka allura mai kauri a zuƙo kamar mililita 5 a kowane wuri, a matsa gaba. Zuƙo da yawa a wuri ɗaya jini kawai yake jawowa, ya tsinka ɓargon. Ba a wuce mililita 20 a kowane kilo na nauyin mai bayarwa, abin da ke nufin ƙaramin ƙane ba lallai ya ishi babbar yaya ba. Abin da ake so shi ne ƙwayoyi masu cibiya miliyan 200 zuwa 400 a kowane kilo na mai karɓa. Aikin awa 1 zuwa 2 ne, ƙugu ya yi tsami 'yan kwanaki, ɓargon kuma ya mayar da kansa cikin makonni. Ba a taɓa laka, ba a fasa ƙashin baya, duk da jita-jitar da ke hana 'yan'uwa bayarwa.

Hanya ta biyu daga jijiya ce. Ana yi wa mai bayarwa allurar filgrastim, maikrogiram 10 a kowane kilo kullum, kwana 4 zuwa 5. Allurar tana sassauta riƙon CXCL12, ƙwayoyin asali su fito cikin jini, inji ya tace su cikin awa 4 zuwa 6. Ana ƙirga su da alamar CD34, mafi ƙaranci miliyan 2 a kilo, an fi so 4 zuwa 5. Wannan hanyar ta fi saurin kamawa, amma tana zuwa da ƙwayoyin T kusan ninki 10 na ɓargo, farmakin dashe mai daɗewa kuma ya fi yawa. A sankarar jini akwai riba a cikin hakan, don baƙin sojojin suna farautar ragowar sankara. Mai sikila ba shi da abin da za a farauta, farmakin asara ce zalla, shi ya sa aka fi zaɓar ɓargo musamman ga yara. Shi kansa mai SS ba a yi masa filgrastim don fito da ƙwayoyinsa, yana jawo mummunan tashin ciwo har da mutuwa.

Share wuri

Kwanakin da ke kafin dashe da ragi ake ƙirga su, ranar dashe ita ce 0. Magungunan wannan makon aiki biyu suke yi: su buɗe wa sababbin ƙwayoyi mazauni, su kuma kwantar da sojojin mai karɓa. Tsarin da aka daɗe ana yi wa yara shi ne busulfan na kwana 4, da saiklofosfamaid jimillar miligiram 200 a kilo cikin kwana 4, da ATG, maganin da ke kakkaɓe ƙwayoyin T. Muhimmancin ATG ya fito fili a Faransa, inda ƙin karɓar dashe ya sauko daga kusan kashi 23 cikin 100 zuwa kashi 3 bayan an shigar da shi. Busulfan sai an riƙa auna yawansa a jini: in ya gaza tsohon ɓargo ya dawo, in ya zarce hanta ta toshe. Cibiyar da ba ta iya wannan awon, a tambaye ta me take yi a madadinsa.

Manya da ciwo ya riga ya taɓa gaɓoɓinsu ba sa jure wannan. A 2009 masu bincike a Amurka suka wallafa tsari mai sauƙi, alemtuzumab da gashin haske kaɗan na sentigire 300 da sirolimus, wanda bai share tsohon ɓargo duka ba, ya dai sa garkuwa biyu su zauna tare.

Ranar dashe da makonni ukun da ke biye

Babu tiyata. Jaka ce kamar ta ƙarin jini, ana sa ta ta bututun babbar jijiya, ƙwayoyin su bi ƙamshin CXCL12 su nemi ɓargo da kansu. Ma'aikacin jinya ya kiyaye abu biyu: wannan jakar ba a haska ta, ba a bi da ita ta matatar cire fararen ƙwayoyi. Duk wani jini kuwa da za a ƙara bayanta, dole a haska shi a kuma tace shi, don ƙwayoyin T na wani baƙo na uku suna iya kashe mara garkuwa.

Daga nan fararen ƙwayoyi su faɗi kusan babu. Baki ya yi gyambo, gashi ya zube, cin abinci ya gagara. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 gaggawa ce: a ɗebi jini don gwajin gano ƙwayar cuta, a sa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa 1, ba a jiran sakamako. Ba a shan farasitamol don a ɓoye zafin kafin a auna.

Mai sikila yana da nasa dokokin daban da na sauran masu dashe, saboda jijiyoyin kansa sun riga sun raunana. Ana riƙe ƙwayoyin daskarar da jini sama da 50,000, haimoglobin tsakanin 9 da 11, ana ba da maganin hana jijjiga, ana cike magniziyam da saiklosporin, maganin danne garkuwa, ke zubarwa ta fitsari, ana kuma matsa wa hawan jini. Masu sikila jininsu a ƙasa yake zama, don haka lambar da za a ce daidai ce ga wani, hawa ce a wurinsu. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko ruɗewa alama ce ta kumburin bayan ƙwaƙwalwa, a kira likita nan take.

An ce dashe ya kama idan nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyi, suka kai 500 a maikrolita kwana 3 a jere, yawanci a mako na 2 zuwa na 4.

Farmakin dashe

Magungunan share wuri suna ƙona bangon hanji, ɓurɓushin ƙwayoyin cuta na cikin hanji su tsallaka, jiki ya cika da saƙon kumburi. A cikin wannan hayaniyar baƙin ƙwayoyin T ke isowa, su ga alamomin da ba su sani ba, su hayayyafa su fita farauta. Ko da HLA ta dace 10 cikin 10, akwai ƙananan bambance-bambance, misali namijin da ya karɓa daga 'yar'uwar da ta taɓa haihuwa ya fi shiga haɗari. Abin da ke sa farmakin hanji ya yi muni shi ne inda suke sara: ƙwayoyin asalin hanji da ke gindin ramukan bangonsa, waɗanda ke sabunta bangon duk 'yan kwanaki. In suka mutu babu mai gyara. Wasu ƙwayoyin garkuwa na mai karɓa suna fitar da wani sinadari, IL-22, da ke kare waɗannan ƙwayoyin asali, kuma farmakin yana kashe su su ma. Ana gwajin ba da IL-22 a matsayin magani saboda wannan dalilin.

Rigakafin da aka saba shi ne saiklosporin ko takrolimus na watanni, da metotrekset a rana ta 1, 3, 6, wani lokaci da 11. Ana auna yawan saiklosporin a jini kafin a sha na safe, ba bayan an sha ba. Magungunan fangas suna ɗaga shi har ya taɓa ƙoda, rifamfisin na tarin fuka kuma yana zubar da shi har farmaki ya taso. Jiƙo da sassaƙe da duk wani maganin gargajiya a ajiye su, don babu wanda ya san yadda za su yi da shi.

Alamar farko yawanci a fata take, tafin hannu, tafin ƙafa, bayan kunne, wuya. Littattafan likitanci ja suke cewa, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. A nemi ƙaiƙayi, zafi, ƙananan ƙuraje, ko wurin da ya ƙara duhu, kuma a duba da hasken rana. Gudawa kuwa aunawa ake yi a rubuta: sama da mililita 500 a yini ga babba, ko mililita 10 a kilo ga yaro, ya isa a yi bincike. Kada a ɗauka farmaki ne kai tsaye, CMV da wasu cututtukan hanji kamanninsu ɗaya, maganinsu kuma kishiyar juna ne, shi ya sa ake gutsuro naman hanji a duba. Idon da ya yi ɗorawa hanta yake nunawa.

Maganin farko metilprednisolon ne, miligiram 1 zuwa 2 a kilo, kuma kusan rabin mutane ne ke samun sauƙi da shi. In abin ya ƙaru cikin kwana 3 ko bai motsa ba cikin mako, ana komawa ruksolitinib, wanda Amurka ta amince da shi don wannan a 2019.

A nan wani nau'in ƙwayoyin ɓargo ke shigowa, na mesenkaima, waɗanda ba jini suke haifarwa ba, ƙashi da guringuntsi da kitse suke zama. A 2004 likitoci a Suwidin suka ba da labarin yaro ɗan shekara 9 da farmaki ya ƙi jin kowane magani, aka sa masa irin waɗannan ƙwayoyin daga mahaifiyarsa, hanjinsa da hantarsa suka farfaɗo. Ba zama suke yi su gina sabon hanji ba. Yawancinsu a huhu suke maƙalewa, su mutu cikin 'yan kwanaki. Kafin nan, in sun ji saƙon kumburi, suna fitar da sinadaran da ke hana ƙwayoyin T hayayyafa, makrofaj da suka haɗiye gawarsu kuma suna komawa masu kwantar da tarzoma. Ke nan sai da kumburi suke aiki, kuma sakamakon gwaje-gwaje ya sha bamban gwargwadon mai bayarwa da yadda aka rene su. Japan ta amince da irin wannan maganin a 2015, Amurka kuma a Disamban 2024 ta amince da Ryoncil ga yara, ƙwayoyi miliyan 2 a kilo, sau 2 a mako, mako 4.

In babu shaƙiƙin da ya dace

Baƙon da ya dace daga rajistar duniya yana da wuyar samu ga ɗan Afirka, domin alamominmu sun fi na kowa bambanta, masu rajista kuma kaɗan ne. Hanyar da ta buɗe ƙofa ita ce ta rabin dacewa, daga uwa, uba, ɗa ko ɗan'uwa, da dabarar da aka ɓullo da ita a Jami'ar Johns Hopkins. Ana sa ɓargon, a bar baƙin ƙwayoyin T masu faɗa su fara hayayyafa, sai a rana ta 3 da ta 4 a ba da saiklofosfamaid miligiram 50 a kilo. Maganin ya fi cin ƙwayar da ke cikin rabuwa. Ƙwayoyin asali da ƙwayoyin T masu tsawatarwa suna da wani sinadari da ke warware dafinsa, sai su tsira. Sauran magungunan danne garkuwa sai rana ta 5 ake fara su, kuma ba a ba da sitiroyid a tsakani ko da zazzaɓi ya taso, sai da izinin likitan dashe. Ana haɗa saiklofosfamaid ɗin da maganin mesna da ruwa mai yawa don kare mafitsara. A gwajin farko na 2012 dashen ya ƙi kamawa a kusan mutum 4 cikin 10. Ƙara maganin tayotefa ko ƙara gashin haske ya rage wannan ƙwarai.

Sai gyaran ƙwayoyin halitta. Ana ɗibar ƙwayoyin asalin mara lafiya da maganin pleriksafo, a gyara su, a mayar masa. Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, yana kashe makunnin da ke rufe haimoglobin na jarirai, wanda ba ya yin sikila. Babu farmakin dashe tunda nasa ne, amma busulfan yana nan, kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 kuma dala miliyan 2.2 ne.

Irin wannan dabara ta share garkuwa a sake gina ta daga ƙwayoyin mutum kansa ana amfani da ita a wasu cututtukan da garkuwa ke cin jiki, kamar ciwon taurin fata mai tsanani. Abin da ba ya cikin wannan layin shi ne garin da ake sayarwa a ƙunshi a WhatsApp da sunan ƙwayoyin asali na tuffa ko inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama ɓargon mutum, duk abin da aka haɗiya kuma ciki narkar da shi yake yi. Wanda ya ajiye haidroksiyuriya saboda shi ya cuci kansa.

Komawa gida

Gwajin da ke nuna gaskiyar aiki shi ne na kason mai bayarwa a cikin jini, ana yin sa wajen rana ta 30, 60, 100, sannan wata 6 da shekara. Ba sai ya kai 100 ba. Jan ƙwaya mai lafiya tana kwana 120, mai sikila 10 zuwa 20, saboda haka kashi 20 zuwa 25 na ɓargon mai bayarwa ya isa ya cika jini da lafiyayyun ƙwayoyi. Abin tsoro shi ne kason da ke sauka gwaji bayan gwaji.

Garkuwa ba tare take dawowa ba. Nutrofil da wasu fararen ƙwayoyi da ake kira NK su ne farko, cikin wata guda. Masu ƙera makaman garkuwa suna ɗaukar wata 6 zuwa shekara ko fiye. Ƙwayoyin T masu jagoranci su ne ƙarshe, don sai sababbi sun bi ta taimos, 'yar ƙullutuwar da ke bayan ƙashin ƙirji, sun koyi sanin sabon jikin a matsayin gida. Taimos na yaro yana da ƙarfi, na babba ya motse, farmakin dashe kuma yana lalata shi. Har zuwa lokacin ana auna CMV kowane mako zuwa rana ta 100, ana shan asaiklobir da Septrin, da maganin rigakafin maleriya da likita ya zaɓa, a kwana cikin gidan sauro.

Ruwa a tafasa. Nonon da ba a dafa ba, kwaɗon ɗanyen ganye, tsiren bakin titi, zoɓo da kunun ayar da ba a san ruwansu ba, duk a haƙura. A nisanci rumbu, wurin gini, kejin kaji da ɗakin tattabaru saboda fangas da ke shiga huhu, a sa takunkumi lokacin ƙurar hunturu. Rana mai zafi tana tada farmakin fata. Masu zuwa dubiya a gode musu ta waya. Bushewar ido da baki, taurin fata, ko numfashi da ke raguwa a hankali bayan watanni, farmaki mai daɗewa ne, na huhu kuma ba ya komawa baya in an makara.

Duk rigakafin yarinta ya goge, sai a sake daga fari, wajen wata 6. Na ƙyanda da na zazzaɓin shawara, da yake ƙwayar cikinsu mai rai ce, sai bayan wata 24, kuma in an daina magungunan danne garkuwa babu farmaki. Sauran yaran gida su ci gaba da karɓar nasu, kariya ce gare shi. Ɗigon shan inna ne kawai ke buƙatar a shaida wa likita tukuna, don ya ce a yi musu na allura ko ya tsara yadda za a kiyaye tsafta na wasu makonni.

Abu na ƙarshe ya shafi aure. Bayan dashe, gwajin jini zai nuna AA ko AS irin na mai bayarwa. Amma maniyyi da ƙwai ba daga ɓargo suke ba, har yanzu S kawai suke ɗauke da shi. Wanda aka haifa SS, in ya haihu, kowane ɗansa zai gaji S daga gare shi, in kuma abokin zamansa AS ne, kowane ciki yana da damar rabi ta zuwa da sikila. A ajiye takardar gwajin asali ta kafin dashe, ita za a kai wurin gwajin aure.